Tara, Gyara Ko Komawa Lantarki: Zaɓin Da Ke Gaban Masu Gidajen Ko-op Da Kondo A Niyok

Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a tsohon bene a Bronx ko Harlem ya san wannan abin mamakin: a waje ƙanƙara na zuba, a ciki mutum na zaune da singileti, taga a buɗe, lagireton ɗumama ɗaki na huci kamar kububuwa. Shekara da shekaru babu wanda ya damu, tunda kuɗin ɗumama gini a cikin kuɗin wata yake ɓoye. Yanzu zafin da ke fita ta tagar nan sau biyu ake biyansa, kuɗin gas daban, tarar hukuma daban.

Dokar da ta kawo haka ita ce wadda takardun hukuma ke kira Local Law 97, wadda ta sa wa manyan gine-gine iyakar hayaƙin da za su fitar, da tara ga wanda ya haura. Majalisar birnin Niyok ta zartar da ita a 2019, zamanin magajin gari Bill de Blasio, bisa hujjar cewa kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin da birnin ke fitarwa daga gine-gine yake fitowa. Ta shafi duk ginin da ya wuce murabba'in ƙafa 25,000, an kuma fara ƙirga hayaƙin tun 2024. Wanda yake haya, wannan ciwon kan mai gida ne. Amma wanda ya tara guminsa ya sayi gida a ko-op ko kondo, wato benen da mazaunansa ne suka mallake shi tare, shi ne mai gidan, shi da maƙwabtansa, kuma duk abin da ya faɗo wa ginin kansu za a raba wa.

Masu ko-op sun gwada hanyar kotu. Glen Oaks Village da wani sashe na Bay Terrace, dukansu a Queens, sun kai ƙarar birnin a 2022. A watan Mayun 2025 babbar kotun jihar Niyok ta yanke cewa dokar sauyin yanayi ta jiha ba ta soke ta birni ba. Wanda ke jiran alƙali ya cece shi sai ya nemi wata dabara.

Kafin komai, a wane layi gininku yake?

Ba kowa ne ke cikin layin tara mai tsanani ba, kuma na ga mutane na tayar da hankalinsu a banza. Ko-op ɗin masu ƙaramin ƙarfi da ake kira HDFC, irin waɗanda suka yi yawa a Harlem da Bronx, da gine-ginen da fiye da kashi 35 cikin ɗari na gidajensu ke ƙarƙashin ƙayyade kuɗin haya, an ba su hanya mai sauƙi: wasu ƙananan gyare-gyare goma sha uku da aka ce su yi su kai rahoto. Gine-ginen Mitchell-Lama, tsarin gidaje masu rangwame na masu matsakaicin samu, wanda Co-op City mai gidaje sama da 15,000 ke ciki, sai 2035 iyakar za ta hau kansu. Sauran ko-op da kondo na kasuwa, da su nake magana.

Ga lissafin a taƙaice. Ginin zama an yarje masa kilo 6.75 na hayaƙi a kowace murabba'in ƙafa a shekara, daga 2024 zuwa 2029. Daga 2030 iyakar za ta faɗo zuwa kusan kilo 3.35, wato rabi. Za ta sake sauka a 2035 da 2040, a 2050 kuma sifili ake nufi. Kowane tan da ya haura iyaka tararsa dala 268 ce, kowace shekara. Galibin gine-gine sun tsallake zangon farko. A 2030 ne za a yi ta.

Bari mu ƙirƙiri gini na misali mu riƙa auna komai da shi: murabba'in ƙafa 100,000, gidaje ɗari, yana fitar da tan 600 a shekara, 450 daga gas ɗin da tukunyar ɗumama gini ke ƙonawa, 150 daga wutar lantarki, har da wadda mutane ke sha a cikin gidajensu, domin ita ma ana ƙirgawa. Iyakarsa yau tan 675 ce, ke nan ba a binsa ko sisi. A 2030 iyakar za ta koma 335. Sai dai akwai rangwame ɗaya da ke zuwa da kansa: daga shekarar hukuma za ta ƙirga hayaƙin lantarki a kan rabin abin da take ƙirgawa yanzu, bisa tsammanin wutar jihar za ta ƙara tsabta. Tan 150 ya zama 75, jimla 525. Ragowar da ta haura tan 190 ce, tara kusan dala 51,000 a shekara, wajen dala 42 a wata ga kowane gida.

Ku riƙe wannan adadin, domin shi ne ma'aunin duk abin da wani ɗan kwangila zai zo ya gaya muku a taron masu gida.

Wani abu kuma da ya fi tarar kanta zafi: rahoton shekara. Dole injiniya ko mai zanen gini mai lasisi ya sa masa hannu, a miƙa wa hukumar gine-gine ta birnin ranar 1 ga Mayu. Rashin miƙawa tararsa rabin dala ce a kowace murabba'in ƙafa, a kowane wata. A gininmu na misali dala 50,000 ke nan a wata guda. Tarar wata guda ta sakacin sakataren kwamiti ta yi daidai da tarar hayaƙin shekara.

Abin da za a auna

Abu huɗu nake dubawa. Kuɗi, na farko da na kowane wata, da kuma aljihun wa zai fito. Daɗewa: shin maganin zai kai ku 2030 kawai, ko zai wuce 2035 da 2040? Sauƙi: sai an shiga gidajen mutane an fasa bango, ko a ɗakin tukunya aikin zai ƙare? Sai haɗari, wato abin da zai iya juyewa bayan an riga an kashe kuɗi.

Akwai na biyar wanda ba ya shiga tebur amma shi ke yanke hukunci: shekarun tukunyarku. Za mu yi ta dawowa kansa.

Zaɓi na ɗaya: a biya tara

Mutane na jin kunyar faɗin wannan a taro, amma zaɓi ne, kuma ga wasu gine-gine lissafinsa na fita. Babu kuɗin farko, babu ƙura, babu bashi. Dala 42 a wata ba za ta kori kowa daga gidansa ba.

Matsalarsa ita ce kuɗin ba ya sayen komai. Tukunyar na nan tana tsufa, kuɗin gas na nan, iyaka kuma na ta matsowa duk shekara biyar zuwa goma, don haka tarar 2035 ta fi ta 2030. Ga kuma ranar sayarwa. Lauyan mai saye yana karanta bayanan taron kwamiti da asusun gini, banki ma haka. Ginin da ke biyan tara ba tare da wani shiri a rubuce ba, za a rage masa daraja tun kafin a zauna ciniki. In za a bi wannan hanya, a bi ta da ido buɗe, na 'yan shekaru, ana tara kuɗin babban aiki a gefe.

Mai ƙona man fetur na ɗumama gini ya fi shiga uku a nan. Bayan an haura iyaka, kowane galan na mai lamba 2 yana jawo tarar kusan dala 2.75 a kan kuɗinsa. Mai lamba 4 kuwa birnin ya riga ya sa masa ranar daina aiki a 2027.

Zaɓi na biyu: a gyara abin da ke akwai

Nan ne nake ganin ana wasa da kuɗi a ƙasa. Tsarin tururi na yawancin tsofaffin benaye ya shekara saba'in, wasu ɗari, kuma da yawa ba a taɓa daidaita shi ba. Mai hawa na shida na rawar ɗari, ya kira mai kula da gini, shi kuma ya ƙara wuta, sai mai hawa na biyu ya buɗe taga. Doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu ɗaki ya kai digiri 68 a ma'aunin Amurka da rana, wajen 20 ke nan a namu. Ku je ku auna wasu gidajen a Janairu, za ku tarar sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Aikin ba mai ban sha'awa ba ne: canza bawul ɗin fitar da iska da tarkon tururi da suka mutu, naɗe bututun da ke tsirara a ƙarƙashin gini, sa na'urorin auna zafi a cikin gidaje domin tukunya ta riƙa bin zafin ɗaki maimakon sanyin waje kawai, sa wa kowane lagireto abin rage zafi, toshe kafofin iska a rufi da ƙofofi, canza fitilun baranda. Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin duk ayyukan, kuma sau da yawa asusun ajiyar gini na iya ɗauka ba tare da an yi karo-karo ba.

A ce gyaran ya rage gas da kashi goma cikin ɗari. A gininmu tan 45 ke nan, tara ta ragu da dala 12,000, ban da ragin kuɗin gas ɗin kansa, wanda zai fara tun hunturun farko, tun kafin a fara bin ku tara. Iyakarsa a fili take: shi kaɗai ba zai cike gibin tan 190 ba. Kuma yana buƙatar mai kula da gini da ya yarda da sabon tsarin. Na san ginin da aka kashe kuɗi aka sa na'ura mai kyau, mai kula da ginin ya mayar da ita aikin hannu a makon farko saboda wata dattijuwa ta yi masa faɗa. Duk da haka ban ga ginin da wannan matakin bai dace da shi ba, domin ko lantarkin za ku koma daga baya, ginin da ba ya yoyon zafi ƙananan na'urori yake buƙata.

Zaɓi na uku: rabi da rabi

Famfon zafi na'ura ce irin ta sanyaya ɗaki amma mai aiki gaba da baya. Ba ta ƙona komai, zafi take ɗebowa daga iskar waje ta shigo da shi, shi ya sa da awon wuta ɗaya take ba da awo biyu zuwa uku na ɗumi. Hanyar rabi da rabi ita ce a ɗora mata wani kaso na aikin a bar wa tukunya sauran.

Wurin da aka fi farawa shi ne ruwan zafi na wanka da wanke-wanke. A gine-gine da yawa ƙatuwar tukunyar nan ce ke ci har a watan Yuli domin kawai a samu ruwan zafi a famfo, kamar a kunna tanderun gidan burodi don dafa shayi kofi ɗaya. In ruwan zafi na cin kashi ɗaya cikin huɗu na gas ɗin gininmu, mayar da shi kan famfon zafi zai cire wajen tan 85 a lissafin 2030. Haɗa da gyaran da aka yi, abin da ya haura ya koma tan 60, tara wajen dala 16,000. Aikin a rufin bene ko ƙarƙashin gini yake, ba a shiga ɗakin kowa.

Akwai kuma famfon zafi na taga, wanda ake ratayawa a bakin taga a jona a soket na gida. Hukumar gidajen gwamnati ta birnin ce ta sa kamfanonin Midea da Gradient suka ƙera su, aka fara gwadawa a Woodside Houses da ke Queens. Abin burgewa ne ga tsohon gini, sai dai sababbi ne, ba su yi shekarun da tukunyar ƙarfe ta yi ana ganin halinta ba.

Haɗarin wannan hanya shi ne kula da tsari biyu a lokaci guda, da kuma gano cewa wutar da ke shigowa ginin ba ta isa ba. Ribarta kuma, dokar na ba da ƙarin ragi na musamman ga wanda ya sa famfon zafi kafin 2030.

Zaɓi na huɗu: a kashe tukunya gaba ɗaya

Wannan ne kaɗai ke kai gini har 2040 da bayanta ba tare da an sake zama ba. In duk ɗumama gininmu ta koma kan famfon zafi, tan 450 na gas zai zama wajen 110 na lantarki, jimla ƙasa da 200, iyaka kuwa 335. Ga sanyi a lokacin zafi a kowane ɗaki, kowa kuma da abin daidaita zafin gidansa.

Amma a faɗi gaskiya game da kuɗin. A ce injiniya ya yanka muku dala 25,000 kowane gida. Miliyan biyu da rabi ke nan, domin kauce wa tarar dubu 51 a shekara. Kusan shekara hamsin kafin tarar ta biya aikin, na'urar kuwa ba za ta yi rabin wannan ba. Duk wanda ya ce muku tara kaɗai ta isa hujjar wannan aiki, ku nemi ya rubuta lissafin a allo. Lissafin yana canzawa ne idan tukunyar da bututunta sun riga sun mutu, domin a lokacin ko ta yaya sai kun kashe kuɗi mai yawa, abin da za a auna shi ne bambancin da ke tsakani. Sabuwar tukunyar gas da aka saya a 2028 za ta so ta yi aiki har bayan 2050, shekarar da iyaka ke sifili.

Sai wahalar aiki. Tsofaffin gidaje da yawa wayoyinsu ba za su ɗauki nauyin ba, wani lokaci har layin da kamfanin lantarki na Con Edison ke shigo da wuta sai an ƙara masa ƙarfi, kuma wannan jira ne na watanni. Za a shiga kowane gida. Sannan abin da ke raba kan maƙwabta: kuɗin ɗumama ya tashi daga kuɗin wata na kowa da kowa ya koma kan mitar mutum. Mai gidan tsakiya da ke kewaye da ɗumin maƙwabta zai ji daɗi. Mai hawan ƙarshe ko na kusurwa, da tsoho mai fansho da ke wuni a gida, za su ga takardar wuta ta Janairu su riƙe baki, domin wutar Niyok na cikin mafi tsada a Amurka. Kwamitin da bai rage kuɗin wata daidai da gas ɗin da aka daina saya ba ya sayi rigima.

Zaɓi na biyar: sayen takarda

Dokar ta yarda a sayi takardun shaidar wuta mai tsabta a rage da su, amma hayaƙin lantarki kaɗai suke gogewa. A gininmu tan 75 ne iyakarsu, matsalar kuwa a gas take. Dole kuma wutar ta zama mai shigowa birnin, shi ya sa ake ta zancen layin Champlain Hudson mai kawo wutar madatsun ruwa daga Quebec ta Kanada zuwa Astoria. Akwai wata takardar ta asusun gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wadda ke rufe har kashi goma cikin ɗari na iyakar gini, farashinta dala 268 kowane tan. Daidai da tara ke nan. Abin da kuka samu shi ne suna mai tsabta a takardun hukuma. Cikon gibi ce, ba ta wuce haka ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Biyan tara | Babu na farko, yana hawa da shekaru | Ba ya gyara komai | Mafi sauƙi | Darajar gida ta faɗi |
| Gyaran tsarin tururi | Kaɗan, yana dawo da kansa | Yana rage gibi, ba ya cikewa | Shiga gida na ɗan lokaci | A koma tsohon hali |
| Rabi da rabi | Matsakaici | Zai iya kai wa 2030, da ƙyar 2035 | Galibi a rufi da ƙarƙashin gini | Ƙarancin wuta, tsari biyu |
| Lantarki gaba ɗaya | Mafi tsada | Har bayan 2040 | Mafi wahala | Kuɗin wuta, aiki ya zarce kasafi |
| Sayen takarda | Kowace shekara | Shekara ɗaya | Sauƙi | Farashi da ƙa'ida na iya canzawa |

Inda ko-op da kondo suka rabu

A ko-op hannun jari ka saya a kamfanin da ya mallaki ginin. Kamfanin na iya cin bashi da ginin duka a matsayin jingina, ya shimfiɗa biyan a shekaru masu yawa cikin kuɗin wata, kuma kwamiti na da ƙarfin shiga gida a yi aiki. A kondo kowa da takardar mallakar gidansa, babu gini guda da za a jinginar. Kwamitin kondo sai dai ya ci bashi a kan kuɗin wata da yake karɓa, ko ya yanka wa kowa kasonsa a biya, kuma babban kashe kuɗi yakan buƙaci ƙuri'ar masu gida. Shi ya sa aikin da ko-op zai yi a dunƙule, kondo yakan yi shi gutsure-gutsure.

Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Bashin ko-op na kowa ne, ko ka so ko ka ƙi yana cikin kuɗin watanka. In an zaɓi karo-karo, kana iya roƙon a ba ka damar biyan kasonka a dunƙule.

Kafin a sa hannu a kowace kwangila, a nemi shawarar NYC Accelerator, kyauta birnin ke bayarwa, a kuma tambayi tallafin Con Edison da na hukumar makamashi ta jiha, NYSERDA. Akwai rangwamen harajin gini na J-51 da aka sabunta a ƙarshen 2024, wanda ya shafi ko-op da kondo masu matsakaiciyar daraja. A tambayi akawun gini ko har yanzu yana nan, da ko kun cancanta, tun kafin a fara aiki, domin yana da wa'adi.

Wa ya dace da me

In tukunyarku ba ta wuce shekara goma ba kuma gibin 2030 kaɗan ne, ku yi gyaran tururi yanzu, ku biya ɗan abin da ya rage a matsayin tara ko ku cike da takarda, ku buɗe asusun babban aiki. Fasa tukunya mai lafiya asara ce.

In tana tsakiyar rayuwarta kuma gibin ya yi kama da na gininmu na misali, gyara tukuna, sannan ruwan zafi ya koma famfon zafi kafin 2030. A lokacin da ake wannan aikin a sa injiniya ya auna wutar ginin duka, domin ranar da za a buƙace ta.

In tukunyar ta haura shekara ashirin da biyar, ko kuna ƙona mai, ko bututun na yoyo a cikin bango, ku nemi farashin hanyoyi biyu a rana ɗaya, sabuwar tukunya haɗe da tarar shekara ashirin a gefe guda, lantarki bayan an cire tallafi a ɗaya gefen. Ku yi haka tun tana aiki. Tukunyar da ta mutu a tsakiyar Janairu ba ta barin kowa ya yi shawara, abin da ɗan kwangila ke da shi a mota shi za a saka.

Kondon da kowane gida ke da na'urarsa ta ɗumama da sanyaya ɗaki ya fi kowa sa'a: a kafa ƙa'ida cewa duk wadda ta lalace da famfon zafi za a maye gurbinta, a bar shekaru su yi aikin.

Mai shirin saye kuma, kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami, ka sa lauyanka ya karɓo abu uku: rahoton hayaƙin da ginin ya miƙa, shekarar da aka sa tukunya, da abin da ke cikin asusun ajiya. Takardar maki mai harafi A zuwa D da ke manne a ƙofar shiga ta wata doka ce daban, kuma gini na iya samun B a can ya sha tara a 2030.